Idan ƙwai ya maƙale wa kazarki

Kaza ta farko da ƙwai ya maƙale wa a gidana, ni na kashe ta da hannuna, ba ƙwan ba. Wata ja ce cikin guda shida da na sayo daga wani gidan gona a hanyar Bukuru, suna dab da fara saka. Da na shafa ƙasan cikinta na ji ƙwan sarai a ƙarƙashin yatsuna, sai na ce ai ƙiris ya rage, bari in taimaka mata. Na matsa. Na ji wani ɗan ƙas daga ciki, can sai ga gwaiduwa tana tsiyayowa. Kwana biyu ta yi tana jugum a gindin bango, ranar na uku na same ta a sandare. Garin neman gira na rasa ido.

Bayan ita abin ya sake samuna sau huɗu, uku sun tashi, ɗaya muka yanka. Abin da zan faɗa a nan daga waɗannan kajin na koye shi, da kuma bakin wani likitan dabbobi da ya gaji da kiran da nake yi masa da sassafe har ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ina cewa "ki" ne domin a nan Anguwan Rogo, cikin garin Jos, kajin gida na mata ne, maigida sai dai ya ga ƙwai a faranti. Namijin da ke kiwo ya ɗauka da shi nake.

Da farko ki tabbata ƙwai ne. Kazar da ƙwai ya maƙale wa takan shiga wurin saka ta fito, ta koma ta fito, ba ƙwai ba kyarkyara. Tana tsayawa ƙirji sama gindi ƙasa, ƙafafu a buɗe, in ta taka sai ki ga kamar mai tsohon ciki. Jelarta na ɗagawa tana sauka saboda yunƙurin da take yi. Ki watsa tsaki, sauran su ruga, ita ko kallo. Sannan ki duba inda ta kwana: ko babu kashi sam, ko ɗan ruwa-ruwa ne kawai. Wannan ce alamar da na fi yarda da ita, domin ƙwai da kashi ƙofa ɗaya suke fita a jikin kaza. In ƙwai ya tsaya a bakin hanya ya tare komai, shi ya sa abin ke kisa da sauri, cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Kada ki ɗauka mai kwanci ma ƙwai ne ya maƙale mata. Mai kwanci ma tana lafewa a wurin saka, amma ki miƙa hannu ki gani: za ta kumbura gashi, ta yi miki gurnani, ta kai miki sara. Wannan lafiyarta ƙalau, 'ya'ya take so. Haka kuma in ba ita kaɗai ba ce, kin ga biyu ko uku sun yi sukuku, kashi kore, ana numfashi da baki a buɗe, ko wuya ya murɗe, to ki ajiye zancen ƙwai. Wannan annobar kaji ce ta lokacin hunturu, wadda likitoci ke kira Niyukasal, ko ma abin da ya fi ta. Mu da muka ga murar tsuntsaye a 2006 ba ma wasa da kaji masu mutuwa a jere. Ki ware su, ki hana yara taɓawa, ki nemi likitan dabbobi. Mu 'yan Jos ba mu da uzuri a nan, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom, nan kusa da mu, tun 1924, kuma a can ake yin allurar rigakafin Niyukasal ɗin.

To, ita kaɗai ce, kuma alamun sun nuna ƙwai. Ki ɗauke ta a hankali, fukafukai a manne da jiki, ki rungume ta a gefenki. Kada ki riƙe ta ta ƙafa kai a ƙasa irin riƙon 'yan kaji a kasuwa, kada kuma ki kwantar da ita rigingine ko ki danne mata ƙirji, domin da motsin ƙirjin take numfashi. Ki sa tafin hannu a ƙasan ciki, tsakanin ƙarshen ƙashin ƙirji da dubura. Ƙwai zai ji miki da tauri da santsi, can kusa da baya. Akwai tarko ɗaya: ƙundu ma yana da tauri, kuma na taɓa ɓata rabin yini ina yi wa ƙundun kaza wanka. Shi yana gaba kaɗan, ta ɓangaren hagu. In kuwa cikin ya kumbura luɓus kamar ledar ruwa, babu wani abu mai tauri, wata cuta ce daban ta cikin ciki, ruwan ɗumi ba zai yi mata komai ba.

In kina shakka, ki yanke farce, ki wanke hannu, ki sa safar hannu in akwai, ki shafa wa yatsa man gyaɗa ko man zaitun, ki zura shi a hankali kamar gaɓa ɗaya zuwa biyu, kina nufar sama. In ƙwan na kusa za ki taɓa shi. Kin taɓa, ki fito. Dubawa kika je yi, ba haƙowa ba. Man da ya rage a wurin ma ya yi nasa aikin.

Kafin ki ɗora ruwan yi mata wanka a wuta, ki ba ta kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi da ɓawon ƙwai. A da ni ma wanka nake fara yi, sai likitan nan ya juya mini tsarin, kuma dalilinsa ya zauna mini. Kaza tana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ta haɗa ƙwai ɗaya, kuma wajen awa 20 daga ciki a gina ɓawo suke tafiya. Ɓawon ƙwai guda yana cin kalsiyam kusan giram 2. Shi wannan sinadarin kuma shi ne tsokar mahaifa ke buƙata kafin ta matse ta turo ƙwan waje. Ke nan in ya yi ƙaranci, kaza ta zuba ɗan abin da take da shi a ɓawo, lokacin naƙuda ya zo babu ƙarfin yunƙuri. Wani lokaci ma ɓawon bai samu ba, ƙwan ya zo da taushi kamar leda, irin wannan kuwa ya fi wuyar fita domin babu abin da tsoka za ta kama ta tura.

Ƙwayar kalsiyam ta mutane da ake sayarwa a kemis ita nake amfani da ita, irin wadda ake ba masu juna biyu. Rabin ƙwaya ga ƙaramar kaza, guda ga babba, sau ɗaya a yini. Ki daka ta, ki cuɗa da ɗan dafaffen ƙwai ko jiƙaƙƙen abinci. In ta ƙi ci, ki ɓare ƙwayar ƙanana, ki buɗe bakin ki sa gutsure ɗaya ta gefe, ki bari ta haɗiye da kanta. In dare ne kemis a rufe, ki gasa ɓawon ƙwai a kasko, ki daka shi lilis, rabin ƙaramin cokali ya isa.

Sai dai ki ji wannan da kyau: kada ki ɗura mata komai. Maƙwabciyata, Allah Ya ba ta lada, da ta ji kaza ba lafiya sai ta zo da manja a cokali ko ruwan barkono. Na sha ce mata, "Yaya, man da kika zuba ta baki hanyar abinci zai bi, ƙwan kuwa yana wata hanya daban, man ba zai kai gare shi ba." Ban da rashin amfani, ƙofar numfashin kaza tana nan a gindin harshe, a buɗe. Ruwa ko mai ya kuskure ya faɗa ciki, kin ƙara mata ciwon huhu a kan na ƙwai. In kina so ta sha, ki jiƙa ɗan sukari a ruwa, ki tsoma ƙarshen bakinta a ciki ki saki. Mai ƙishi za ta ɗaga kai ta haɗiye.

Yanzu wanka. Ki sami baho ko roba mai faɗi, ki zuba ruwan ɗumi daidai wanda za ki yi wa jariri wanka, ko ya ɗara kaɗan. Ki gwada da gwiwar hannu. In kina da ma'aunin zafi, digiri 38 zuwa 40. Jikin kaza ya fi namu zafi, wajen digiri 41 yake, don haka ruwan da kika ji salam-salam a hannunki sanyi ne a wurinta. Ruwan ya rufe ciki da dubura kawai, kada ya kai fukafukai. Ki zaunar da ita, hannunki ɗaya a bayanta, minti 15 zuwa 20. Za ta ɗan yi fiffika da farko, daga nan sai ki ji ta saki jiki, wata har lumshe ido take yi. Ki ajiye filas kusa kina ƙara ruwan zafi ta gefe, domin a Disamba ko Janairu a garin nan ruwan baho ba ya minti biyar bai huce ba. Wasu na zuba gishirin Epsom, wani gishirin magani ne, ba na miya ba. In kina da shi ki zuba, ki dai hana ta sha. In babu kada ki fita nema, ɗumin ne ke sassauta tsoka.

Tana cikin ruwan kina iya shafa cikin a hankali daga gaba zuwa baya, shafa irin ta lallashi. Da kin ji yatsunki sun fara neman kama ƙwan, ki janye hannu. Na san yadda zuciya ke raya wa mutum a daidai wannan lokacin, ƙwan na nan kamar ki ce fito ya fito. Ɓawon da ya fashe a ciki yana yanka mahaifa, gwaiduwar kuma ta zama abincin ƙwayoyin cuta, shi ne abin da ya kashe jar kazata.

Kazar da ta riga ta galabaita, ba ta iya tsayuwa, zankonta ya yi fari ko ya yi duhu, ban ba ki shawarar tsoma ta a ruwa ba. Wahalar wankan kaɗai na iya ƙarasa ta. Ita sai dai ki jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ki matse, ki riƙa ɗora mata a ƙasan ciki.

Abin da ke biyo bayan wanka ya fi wankan muhimmanci, musamman a Jos. Garin da ke kan tudu sama da mita 1,200, iskar hunturu na busowa ta ƙarƙashin ƙofa, ki fito da kaza sharkaf ki ajiye a tsakar gida, ai kin gama da ita. A cikin ɗaki za ki yi wankan, ƙofa a rufe. Ki tsane ta da tsohon tawul sosai, in akwai wuta da na'urar busar da gashi ki busa mata daga nesa. Ki sake shafa mai a bakin duburar, ciki da waje kaɗan. Sannan ki shimfiɗa tsumma a kwali, ki cika gorar roba da ruwan zafi ki naɗe ta da zane ki jingina a gefe ɗaya, yadda in zafi ya yi mata yawa za ta iya matsawa. Ki huda kwalin don iska, ki rufa masa zane ya yi duhu, ki kai shi lungun da yara ba sa zuwa. Kaskon gawayi kuwa kada ki kusantar da shi a rufaffen ɗaki. Hayaƙinsa marar wari da ke kashe mutane a barci ya fi saurin kashe tsuntsu.

Duhun yana da dalili biyu. Kaza a duhu takan natsu ta daina firgita. Sannan haske ne ke sa jikinta ya saki sabuwar gwaiduwa, ke kuwa ba kya son wani ƙwai ya biyo bayan wanda ya tsaya.

Daga nan sai haƙuri. Ki ba ta awa ɗaya ba ki buɗe ba. Autana ba ya iya wannan, kowane minti biyar sai ya zo, "Umma, in leƙa?" In kin buɗe babu ƙwai, ki ba ta ruwa, ki canza ruwan gora, ki rufe. Bayan awa biyu ko uku kina iya maimaita wankan. Ni ba na wuce sau uku a yini. Cikin ukun da suka tashi a hannuna, ɗaya ta saka tun kafin in gama wanke bahon, ɗaya sai bayan wanka na biyu, ta ukun kuwa sai da asuba na buɗe kwali na tarar da wani ƙaton ƙwai mai gwaiduwa biyu da ɗan jini a jikinsa, ita kuma tana tsaye tana caccakar tsumma. Alamar sauƙi ta gaskiya ita ce tulin kashin da zai biyo baya, mai wari. Ranar nan na yi murna da kashin kaza kamar an yi mini albishir.

Ki sa wa kanki wa'adi tun farko. Nawa shi ne yini ɗaya da kwana ɗaya. In gari ya waye babu ƙwai babu kashi, aikin ya fi ƙarfin baho. Likitan dabbobi yana da allurar kalsiyam da ke aiki nan da nan, kuma ya san yadda ake zuƙe ruwan ƙwan da sirinji a fitar da ɓawon ba tare da an yanki kaza ba. Na ga an yi a gabana, ya yi kama da abu mai sauƙi, ban kuma taɓa gwadawa ba. Haka in ƙwan ya riga ya fashe, kina ganin gwaiduwa ko gutsuren ɓawo: ki ciro abin da ke bakin ƙofa kawai da yatsa mai mai, ki goge da ruwan ɗumi, sauran na likita ne domin za ta buƙaci maganin kashe ƙwayoyin cuta na ainihi. Kafso mai ja da rawaya da muke ɓarewa a ruwan kaji kan kowane ciwo ba ya fitar da ƙwai. Kuma duk kazar da aka ba irin waɗannan magunguna, ki tambayi likita kwana nawa za a yi ba a cin ƙwanta ko namanta.

In kuɗin likita ya fi kuɗin kazar, ko ba za ki samu zuwa ba, gaskiya ɗaya ce: a yanka ta tun tana da rai, tun ba a ɗura mata magani ba. Sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma barinta ta kwana uku tana nishi har ta zama mushe ba tausayi ba ne. Wadda muka yanka, maigida ya tarar da ƙwai biyu a jere a cikinta, na gaban ya juya a gicciye. Wanka ɗari ba zai fitar da shi ba.

Wani lokaci ƙwan na fita amma ya jawo nama ja ya biyo shi, fitar baya ke nan. Ki ɗauke ta daga cikin sauran nan take, kafin komai. Kaji ba sa ganin ja su ƙyale, ɗaya ta sara sauran su taru, cikin awa guda sai su zaro mata hanji. Ki wanke naman da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ƙaramin cokali a shafe cikin rabin lita na tafasasshen ruwa da ya huce. Ki shafa zuma ko ki barbaɗa sukari, ki jira minti goma zuwa sha biyar, yana janye kumburin. Sannan ki mayar da shi ciki a hankali da yatsa mai mai, ki riƙe na ɗan lokaci. Zai iya sake fitowa, ki sake mayarwa. Ki bar ta a kwali mai duhu kwana biyar zuwa mako, kina fito da ita ta ci ta sha, don ta dakata da saka wurin ya warke. In naman ya yi baƙi ko ya bushe, ya wuce gyaran gida.

Wannan ruwan gishirin shi ne dai nake wanke duk wani rauni da shi, ko na saran 'yan uwanta, ko na shaho, ko na muzuru. Ki danne jinin da tsumma mai tsabta, ki aske gashin da ke gefen ciwon da almakashi, ki wanke, ki shafa aidin ko shuɗin maganin nan na ciwo, wanda ma yana da ƙarin amfani tunda yana ɓoye jan. Baƙin mai na inji da toka da ƙasa ba magani ba ne, ko wa ya ce miki. Da damina ki duba ciwon safe da yamma saboda ƙuda, yini ɗaya ya isa tsutsa ta shiga. Cizon kare ko kyanwa kuwa, ko ramin ƙarami ne yana da zurfi, ki kai wa likita. Fatar kaza na haɗewa da sauri fiye da yadda za ki zata.

Da na zauna na lissafa, duk biyar ɗin da ƙwai ya maƙale wa kajin gidan gona ne, babu kazar Hausa ko ɗaya. Ba wai ita ba ya samunta ba ne, amma tana yawo tana tsintar gara da ƙwari da ɓawon dodon koɗi, ta saka goma sha wani abu ta kwanta a kai, jikinta ya huta. Jar kazar gidan gona an ƙirƙire ta ne ta saka wajen 300 a shekara, ba hutu. Ni kuwa na kawo ta gida na kulle a akurki ina ba ta dusa da ragowar tuwo kamar sauran. Masara da dusarta kusan babu kalsiyam a cikinsu, ga sa ƙiba, kitse kuma yana matse hanyar ƙwai. Abincin masu saka na buhu yana ɗauke da kalsiyam kusan kashi 4 cikin 100, kaza ɗaya kuma tana cin giram 110 zuwa 120 a yini. A nan Bukuru ake yin Vital Feed, akwai wasu ma, ba rashinsa ne ya hana ni ba, tsada ce ta sa nake haɗa mudu ɗaya da dusa mudu uku ina ganin dabara na yi.

Har yau ina haɗawa in aljihu ya yi zafi, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma yanzu akwai gwangwani a rataye a akurkin da ba ya rabuwa da ɓawon ƙwai gasasshe ko garin ƙashi. Ina gasa ɓawon in farfasa ne don kada su gane shi su koyi shan ƙwansu. Wannan na gwangwani ba lilis nake daka shi ba, tsaki-tsaki nake bari, domin mai girma yana daɗewa a ƙundu yana narkewa cikin dare, lokacin da ake gina ɓawo. Ina buɗe su su sha hantsi, hasken rana na taimaka wa jiki ya ɗauki kalsiyam ɗin. Na kuma cire ƙwan lantarkin sola da nake bar musu har safe wai don sanyi. Sagarar da ba ta kai mako 18 zuwa 20 ba, in haske ya yi mata yawa sai ta fara saka ƙugunta bai gama buɗewa ba.

Wadda ta warke kada ki yi saurin mayar da ita. Ki ci gaba da ba ta kalsiyam kwana uku, ki ga tana ci tana kashi daidai, duburar ta koma yadda take babu ja. Ranar mayarwa ki bari sai bayan isha, sauran sun hau sanda sun yi barci, ki ɗora ta a gefensu. In kika sake ta da rana tsaka za su tarbe ta da sara kamar baƙuwa. Ki ɗaura mata ɗan zare a ƙafa, sako-sako, don ki riƙa gane ta cikin jajayen, domin wadda abin ya taɓa samu yakan sake dawo mata, kuma ita za ki fara dubawa duk safiyar da aka tashi da sanyi.